Kwangilar Manhaja Ba Ta Ƙarewa Ranar Miƙa Aiki

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Duk ranar da hukuncin ya zauna da gindinsa, sakatariyar Rano da ta Kibiya, kamar sauran 'yan'uwansu 42 na Jihar Kano, za su riƙa sayen abubuwan da a da ake sayo musu daga sama. A cikin sayayyar akwai manhaja: ta tattara haraji a kasuwa, ta lissafin albashi, ta rajistar marasa lafiya a ƙananan asibitoci, ta jerin manoman da za a raba wa taki daga Rurum zuwa Tarai.

Jami'in da ya san aikinsa, idan aka ba da kwangilar ajin firamare, yakan je ya ɗaga bulo ya sake shi a ƙasa, ya tambayi buhun siminti nawa aka zuba. Amma jami'in nan, idan manhaja aka kawo masa, iyakarsa ya dubi allon kwamfuta, ya ga tambarin hukuma da hoton shugaba sun fito da kyau, ya sa hannu. Wannan sakaci ne, kuma ba ya cikin irin wanda rashin ilimin kwamfuta ke wanke mai shi. Tambayoyin da ya kamata a yi ba su fi ƙarfin akanta ko lauya ko likita ba. Abin da ya hana a yi su shi ne wata gurguwar fahimta da ta yi kaka-gida a zukatan 'yan boko, cewa manhaja kaya ce da ake saye sau ɗaya a ajiye, kamar kabad.

Abin da layi ɗaya yake jawowa

Babu maginin manhajar da ke rubuta komai da hannunsa. Mafi yawan abin da ke cikin kowace manhajar zamani aro ne daga ƙunshe-ƙunshen da wasu suka rubuta suka saki kyauta. Masu aiki da harshen Python suna ɗebo nasu daga ma'ajiyar PyPI, wadda aka buɗe a 2003, kuma a yau tana ɗauke da ayyuka sama da rabin miliyan. Masu JavaScript kuwa suna da npm, wadda Isaac Schlueter ya ƙirƙira a 2010, mai ƙunshe-ƙunshe fiye da miliyan biyu. Kowa na iya buɗe asusu a waɗannan ma'ajiyoyi ya ɗora abin da ya rubuta, ba tare da wani alƙali ya karanta shi layi-layi ba.

Alal misali, matashin da aka ba aikin rajistar manoma yana son manhajarsa ta aika saƙo zuwa wani shafi ta karɓo amsa. Sai ya rubuta pip install requests. Cikin daƙiƙu kaɗan ƙunshin requests ya sauka a kwamfutarsa, tare da wasu guda huɗu da bai ambata ba: urllib3 mai ƙulla sadarwar, idna mai juya sunayen shafukan da ba da haruffan Turanci aka rubuta su ba, certifi mai riƙe da jerin hukumomin da ake amincewa da takardun shaidarsu, da charset-normalizer mai gano tsarin da aka bi wajen adana haruffa. Baƙo ɗaya aka gayyata, biyar suka shigo. A ɓangaren npm lamarin ya fi haka nisa, domin aiki matsakaici kan wayi gari da ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe a ƙarƙashinsa. Bugu da ƙari, wasu ƙunshe-ƙunshen suna da ikon gudanar da umarni a kan kwamfuta a daidai lokacin da ake girka su, tun kafin a yi amfani da su ko sau ɗaya.

Aron nan ba abin kunya ba ne. Shi ne ma dalilin da ya sa matashi ɗaya a Rano zai iya gina a wata guda abin da a da sai kamfani ya shekara a kansa. Sai dai Bahaushe ya daɗe da sanin cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya ari abu dole ya san daga wa ya ara, da ranar da mai shi zai iya janyewa.

Yadda aro ke juyewa

A ranar 22 ga Maris, 2016, wani magini mai suna Azer Koçulu ya fusata da npm saboda ta ƙwace sunan wani ƙunshinsa ta bai wa kamfanin Kik. Sai ya janye ƙunshe-ƙunshensa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, mai layi 11 kacal, wanda aikinsa bai wuce cike gurbi a gefen hagu na rubutu ba. Dubban ayyuka a faɗin duniya, har da Babel da manyan kamfanoni ke dogaro da shi, suka kasa girkuwa, sai da npm ta maido da ƙunshin da kanta. Yawancin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa jin sunan left-pad ba, domin aron aronsu ne.

A Satumbar 2017, hukumar tsaron intanet ta ƙasar Slovakia ta gano ƙunshe-ƙunshen jabu guda goma a PyPI. Ɗaya daga cikinsu sunansa urlib3, da harafin l guda ɗaya, yana kwaikwayon urllib3 na gaskiya. Tuntuɓen yatsa ɗaya a kan madannai ya isa a shigo da kayan ɓarawo cikin gida.

A ranar 29 ga Maris, 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa ya lura shiga wata kwamfuta ta hanyar ssh yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi diddigi sai ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ne ya shafe sama da shekara biyu yana taimakon mai kula da aikin, Lasse Collin, wanda ke yin sa ba albashi, har ya sami amana aka ba shi ikon saki. An tare abin kafin ya bazu ne kawai saboda mutum ɗaya ya ƙi kawar da kai daga jinkirin da wani zai raina.

Amma wanda ya fi kusa da halin ofisoshin ƙasar nan shi ne na Equifax, kamfanin adana bayanan masu bashi a Amurka. A Maris 2017 aka sanar da ɓaraka a ƙunshin Apache Struts, aka kuma fitar da facinta. Kamfanin bai lika facin a inda ya kamata ba. A watan Mayu masu kutse suka shiga, suka kwashi bayanan mutane kimanin miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kaiwa dala miliyan 700. A nan babu jabu, babu maci amana. Manhajar da take lafiya lau ranar da aka miƙa ta ce ta zama kango, saboda an gano aibinta an shelanta wa duniya, masu ita kuma ba su motsa ba. Irin haka ta maimaitu a Disambar 2021 da Log4j, inda hukumomi da kamfanoni da dama suka shafe kwanaki suna neman amsar tambaya ɗaya: shin wannan ƙunshin yana cikin kayansu ko babu? Ba su da jeri.

Adireshi ba rubutu ba ne kawai

Babu inda wajibcin aro da haɗarinsa suka fi bayyana kamar wajen sarrafa adireshin intanet. Ƙa'idar da ake bi a yau, wadda aka wallafa a Janairun 2005 da lamba RFC 3986, ta raba adireshi gida-gida. Mai shafi shi ne sunan da ke tsakanin sanduna biyu na farko da sanda ɗaya da ta biyo baya, kuma daga dama ake karanto shi. Adireshin gwamnatin Kano shi ne kanostate.gov.ng. Idan aka turo wa manomi a Kibiya mahaɗi ta WhatsApp mai kama da kanostate.gov.ng.tallafi.example, ainihin mai shafin shi ne tallafi.example, sunan gwamnati kuwa ado ne aka maƙala masa a gaba. Haka nan kanostate.gov.ng@tallafi.example: duk abin da ya gabaci alamar @ ana ɗaukarsa a matsayin sunan mai shiga, shafin da za a je shi ne na bayanta.

Mutum yana ruɗuwa da wannan, manhaja ma tana ruɗuwa. Maginin da ya ce manhajarsa ta amince da duk adireshin da ya fara da sunan gwamnati, ko wanda ke ɗauke da shi, ya buɗe wa duka misalan nan biyu ƙofa. Hanyar da ta dace ita ce a miƙa adireshin ga ƙunshin da aka gina don wannan aiki, irin urllib.parse na Python, ya fayyace sunan mai shafin, sannan a kwatanta. To amma shi ma ƙunshin ba ma'asumi ba ne. A taron Black Hat na 2017 a Las Vegas, mai bincike ɗan Taiwan Orange Tsai ya nuna cewa ƙunshe-ƙunshe daban-daban na iya karanta adireshi guda su ba da amsoshi mabambanta, mai gadi ya ga sunan gida, mai kai saƙo ya nufi wani wuri. A 2023 kuma aka sanar da cewa sanya gurbi a farkon adireshi ya isa ya yaudari urllib.parse ya tsallake jerin wuraren da aka haramta, aka gyara a sigar Python 3.11.4. Wanda ya ƙi aro zai yi kuskuren da wasu suka gyara tun shekaru ashirin da suka wuce. Wanda ya ara ya kwanta barci zai ci gaba da ɗauke da kuskuren da aka gyara bara.

Akwai kuma abin da ya shafi Bahaushe kai tsaye. Adireshin intanet an gina shi ne a kan haruffan ASCII, waɗanda babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsu. Don a shigar da su sai an juya su: ƙ ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, ɓ ta koma %C9%93. Ƙunshe-ƙunshen zamani suna yin wannan daidai idan an kira su yadda ya kamata. Idan aka adana rubutu da tsari ɗaya aka karanto shi da wani, sai ƙ ta fito a matsayin Æ™, abin da duk mai karanta Hausa a intanet ya sha gani. Maganin gaggawa da ake yawan yi shi ne a share lanƙwasar gaba ɗaya, baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa.

Alamar ɗauri ta fi wannan haɗari. A harshen SQL da ake magana da rumbun bayanai, wannan alama ce ke nuna ƙarshen rubutu. Idan magini ya liƙa sunan mutum kai tsaye cikin umarni, sunan Rabi'u zai tsaya a Rabi, ragowar kuma rumbun ya ɗauke shi a matsayin umarni, ya ƙi aiki. Ta wannan kafa ce masu kutse ke cusa nasu umarnin su kwashe rumbu gaba ɗaya, dabarar da aka bayyana a fili tun 1998. Kowane ƙunshin rumbun bayanai yana da hanyar aika suna daban, umarni daban, wadda ke toshe kafar. Malalacin magini kuwa sai ya hana rubuta alamar kawai. Daga nan Sa'adatu ta zama Saadatu a jerin taki, tana nan Sa'adatu a wata takardar, kuma duk wanda ya taɓa bin layin gyaran suna tsakanin NIN da BVN ya san kwana nawa harafi ɗaya ke cinyewa. Fom ɗin da ya ƙi karɓar Isma'il da Shu'aibu a garin da kowane gida yake da irin sunayen nan, shaida ce cewa ba a gwada shi da mutanen da aka gina shi dominsu ba.

Uzurorin da aka saba bayarwa

Na farko shi ne cewa babu ɗan kutsen da ya san da zaman Kibiya, balle ya kawo mata hari. Gaskiya ne bai san ta ba, kuma ba ya bukatar saninta. Da zarar an shelanta ɓaraka, injuna ne ke bin adireshin kowace kwamfuta da ke haɗe da intanet suna ƙwanƙwasawa, ba su bambance banki da sakatariya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ya tambayar sunan mai gida. Abin da ke cikin jerin manoma, wato suna da lambar waya da NIN da lambar asusu, shi ne ainihin jarin mai damfarar da zai kira dattijo ya ambaci sunansa da na ƙauyensa, ya ce daga ofishin tallafi ne, a karanto masa lambar da ta shigo waya.

Na biyu shi ne babu kuɗi. Fitar da jerin duk ƙunshe-ƙunshen da ke cikin aikin Python da lambar sigar kowanne umarni ɗaya ne, pip freeze. A npm jerin yana rubuta kansa a fayil mai suna package-lock.json. Binciken ko akwai sanannen aibi a cikinsu shi ma umarni ɗaya ne, pip-audit ko npm audit, kuma kyauta ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne lokacin mutumin da zai duba sakamakon ya sabunta ya gwada, kuma wannan bai kai kuɗin rumfa da kujerun bikin ƙaddamarwa ba.

Na uku shi ne a ɗora wa maginin laifi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da matasa miliyan uku, kuma da yawa daga cikin masu fitowa daga irin waɗannan shirye-shirye sun san duk abin da aka zayyana a sama. Amma matashin da aka biya sau ɗaya, bayan ɗan kwangila na farko da na biyu sun yanki nasu, ba shi da dalilin komawa bayan wata shida ya lika faci a aikin da ba wanda zai ƙara ba shi ko sisi a kansa. Abin da kwangila ba ta ambata ba, ba wanda zai yi shi. Alhakin yana wuyan mai rubuta kwangilar da mai sa mata hannu.

Doka ma a can ta ajiye shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyin tsare bayanai a kan hukumar da ta tattara su, ta kuma wajabta sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Ofishin da bai san abin da ke cikin manhajarsa ba, da wuya ma ya san an shiga, balle ya kai rahoto a kan lokaci.

Abin da ya kamata takarda ta ƙunsa

Ƙasashen da suka sha wuya sun riga sun mayar da wannan ƙa'ida. Umarnin shugaban Amurka mai lamba 14028 na ranar 12 ga Mayu, 2021, ya shigar da jerin kayan da ke cikin manhaja cikin sharuɗɗan sayayyar gwamnati. Dokar Tarayyar Turai kan juriyar kayan intanet, wadda ta fara aiki a Disambar 2024, ta ɗora wa masu sayar da kaya nauyin ci gaba da gyara aibobinsu bayan sayarwa. Ƙaramar hukuma ba ta bukatar jiran majalisa kafin ta rubuta irin wannan a takardarta.

A rubuta cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai an miƙa ainihin rubutun manhajar tare da jerin ƙunshe-ƙunshenta da sigar kowanne, a ajiye a ofis kamar yadda ake ajiye zanen gini. A rubuta wa'adin kulawa, da sunan wanda zai duba jerin, da sau nawa a shekara, da kuɗinsa a cikin kasafi. A rubuta cewa sunan shafin mallakar hukuma ne, a ƙarƙashin gov.ng da NITDA ke kula da shi, domin sunan da ɗan kwangila ya yi wa rajista da sunansa yana iya faɗuwa ranar da ya daina biya, wani ya saye shi ya ci gaba da karɓar bayanan jama'a da adireshin da suka saba da shi. Ranar karɓar aiki kuma, jami'i ya zauna da kansa ya shigar da Rabi'u da Ɗanladi da Ɓaidu da 'Yar Gaya, ya nemo su, ya buga su a takarda, ya ga ko sun fito yadda suka shiga. Wannan gwajin bai fi minti goma ba, kuma ba ya bukatar digirin kwamfuta.

A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato ƙasashen rini. Marini ma ba shi ke noma duk abin da yake zubawa a rijiyarsa ba. Yana sayen baba, yana karɓar toka, yana haɗawa da katsi. Amma ya san abin da ya zuba da ranar da ya zuba shi, yana leƙawa kullum yana motsawa, domin ya san rijiyar da aka bari takan mutu ta ɓata zanen mutane. Abin da ake nema ga masu sa hannu a Rano da Bunkure da Kibiya bai wuce haka ba. Kafin a biya, a nemi jerin. Idan ɗan kwangila ya ce bai san abin da ake nufi ba, ko ya ce sirrin sana'a ne, amsar ta isa a riƙe takardar biyan.